Ranar da Na Yi wa 'Yar Fanya Tafinta

Shekaru sun ja, abubuwa da yawa sun zube mani daga kai, har sunayen jikokina sai na yi ta lalube kafin in kamo na wanda nake kira. Amma akwai wata safiya guda a zauren gidan surukaina a Sheme wadda na tabbata da ita za a kai ni kushewa. Ita ce ranar da aka sa ni tafinta da wani yare wanda ban koya a makaranta ba, ban kuma taɓa zaton zai yi mani wani amfani da ya wuce dariya ba.

A lokacin kuɗin mai ya fara shigowa ƙasa, ba a ma yi Jihar Katsina ba tukuna. Ni 'yar Damari ce, ba a daɗe da kawo ni Sheme aure ba. Garin yana canjawa a kan idonmu. Manyan motoci sai zirga-zirga suke yi a titi, mata sun kafa kaskon ƙosai da tukunyar shinkafa da wake a bakin hanya saboda direbobi, samari kuma sun jingine fartanya sun tafi leburanci wajen masu aikin hanya, sai su dawo da agogo a hannu, suna ta duba shi ko ba a tambaye su lokaci ba. Maigidana ma ya taɓa aikin da rani, ya sayo mana rediyo babba mai doguwar eriya, wadda nake lulluɓewa da ƙyalle kamar jaririya.

Maigidana yana da wa, ɗan farin Inna, uwar mijina. Tun zamanin Turawa ya bar gida. Ya bi fatake zuwa kudu, daga can ya haye ruwa zuwa wani tsibiri da mutanenmu ke kira Fanya, inda ake noman koko. Tun ana samun saƙonshi jefi-jefi har aka daina. Mutane sun daɗe da cire rai, ban da Inna. Ba ta faɗin sunanshi saboda kunyar ɗan fari, sai dai ta ce "wancan". Amma duk motar da ta ji ta tsaya a bakin titi, sai ka ga ta sami dalilin zuwa jikin danga, wai kaji take dubawa.

Sai rikici ya ɓarke a tsibirin, gwamnati ta tura jiragen ruwa aka kwaso 'yan ƙasarmu. Wata rana bayan azahar mota ta sauke wani mutum mai furfura a ƙofar gidanmu, da akwatin ƙarfe guda, da wata mata siririya, da ɗiya ƙarama riƙe da gefen zanenta. Da ya yi sallama, Inna tana tankaɗe. Ba ta ruga ba, ba ta yi guɗa ba. Ta ajiye rariya a hankali, ta shige ɗaki ta saki labule. Daga waje muka riƙa jin wani irin kuka da ban taɓa jin babban mutum ya yi ba.

Haka na sami faccala. Haifaffiyar tsibirin ce, ta musulunta kafin su yi aure, sallarta kuwa ba ta da gyara. Amma Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba. Tana da yaren iyayenta, tana kuma da yaren Turawan da suka mulki ƙasarsu, kuma da shi suke magana da ɗiyarsu da mijinta, wanda muke kira Yaya. Mu Fanyanci muke ce mashi, sai daga baya na ji 'yan boko suna cewa Sifaniyanci. Nan da nan gari ya raɗa mata suna 'Yar Fanya. Mata suka yi ta zuwa wai sannu da zuwa, alhali kallo ya kawo su. Tuwon dawa ba ya wuce mata a wuya, miyar kuka kuwa da ta ga tana yauƙi sai ta kau da kai. In ta ɗauki taɓarya, turmi sai ya yi ta rawa. Da Yaya ya fita, shi ke nan, ta zama kurma a cikin mutane. Ɗakinta yana kallon nawa, nakan hango ta zaune bakin ƙofa tana kallon sama, kamar mai jiran hadari.

Ni ma baƙuwa ce a gidan, kewar Damari ba ta sake ni ba. Ina jin shi ya sa nake jawo tabarmata kusa da tata, ko da ba mu da abin cewa.

Wata rana da kaka muna ɓarar gyaɗa a gindin darbejiyar tsakar gida, ɗiyarta ta faɗi ta fasa kuka. Ta ɗauke ta ta ɗora a cinya, ta sassauta murya ta ce, "Erase una bes..." Ban san yadda masu yaren ke rubuta shi ba, yadda kunnena ya ji nake rubutawa. Yarinyar ta yi tsit. Ni ma na tsaya da ɓara, don ko ban ji kalma ɗaya ba na gane wannan muryar. Ita ce dai muryar da kakata ke yi in za ta ce ga ta nan ga ta nanku. Ta ci gaba da magana, ta cusa wuyanta cikin kafaɗu, ta leƙo da kai a hankali, ta waiga dama da hagu, ta sake mayarwa.

Ban san lokacin da na ce, "Kunkuru!" ba.

Ta juyo ta dube ni, ta sake noƙe wuya, ta ce, "Tortuga."

Na ce, "Tortuga."

Ranar na fara ganin haƙoranta. Da labarin ya ƙare, yarinyar ta riƙa jan rigarta tana cewa, "Otra bes, otra bes," uwar kuma ta sake ɗaukowa daga farko. Ka ga na sami kalma ta biyu ba tare da kowa ya fassara mani ba. Washegari ni na fara cewa otra bes.

Inna ta leƙo daga ɗakinta ta ce, "Ku kam ba ku da tsoro? Tatsuniya da rana tsaka? Sai kun ɓace a hanyar kasuwa tukuna."

Na ce, "Inna, ai ta mutanen Fanya ce, ƙila tasu ba ta ɓad da mutum."

Ta yi tsaki ta koma. Amma ba a yi nisa ba na lura ta dawo da kaɗin audugarta gindin darbejiyar, wai ɗakinta zafi.

Tatsuniyoyinta ba su da yawa, sai dai ba ta gajiya da maimaitawa, ni kuma ba na gajiya da ji. Duk ruwa ne a cikinsu. Akwai masunci da ya auri wata mata daga ƙarƙashin teku, akwai sarkin da ya hana mutanenshi kunna fitila, akwai kunkurun nan mai wayo da kullum wayonshi ke kai shi ga wahala. Ni da ban taɓa ganin ruwan da ya fi kogi da damina ba, na san teku sunanta mar, na san jirgin ruwa barko ne, ruwan sha kuma agwa. In na kasa gane wuri, sai ta tashi ta yi shi da jiki. Ni ma na riƙa ba ta namu da Hausa, tana kama na kamawa, amma gaskiya kunnena ya fi nata sauri. Ita zuciyarta tana can baya, ni kuwa tawa sabon abu take nema.

Sai kuma rediyo ta shigo cikin zancen. Wata la'asar ina murɗa ta ina neman tashar da ake sa kiɗa, na wuce ta wani wuri mai shuuu, wata murya ta ɗan fito ta ɓace. Na ji ƙarar kwano ya faɗi a madafa. Sai ga 'Yar Fanya a guje, hannunta duk gari, tana nuna rediyon tana cewa in koma, in koma. Na murɗa baya a hankali. Wani mutum ne ke magana daga wata ƙasa mai nisa, muryar na zuwa tana komawa. Ta durƙusa ta rungume rediyon, ta kafa kunnenta a jiki, hawaye na bin kuncinta. Ashe mutum yana iya jin yunwar yarenshi kamar yunwar abinci. Ban san haka ba sai ran nan.

Daga nan muka gano cewa kusan kowace la'asar suna sa wasan kwaikwayo. Labarin wata mata ce mai gidan abinci da 'ya'yanta maza marasa jin magana. Mukan gama aiki da wuri, mu ja eriya har ƙarshe, in riƙe bakinta da yatsa don muryar ta fi fita. Suna magana da sauri kamar ana soya gyaɗa, da farko ba na kama komai sai sunaye da ihu. In an gama sai faccalata ta maimaita mani wasan duka ita kaɗai. Ta ɗaura zane a ƙugu ta ɗauki ludayi ta zama uwar, ta jefar da ludayin ta turo ciki ta zama babban ɗan, ta langaɓe kai ta zama autan. Ni da yarinyar mu yi ta birgima a tabarma. Inna ma takan rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunta na rawa.

Ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya ce yau darasi za a yi. Son in ji abin da zai faru gobe shi ya riƙa jana. Sai dai yaren da na iya wani iri ne. Na san yadda sarki ke fushi, na san yadda ake ƙaryata mutum da yadda ake roƙon gafara, amma ban san sunan tsintsiya ba. Wani lokaci kuma in kama abu a karkace. Akwai wata magana da matar cikin rediyo ke yi duk sa'ad da babban ɗanta ya shigo, na ɗauka sannu da zuwa ce. Na yi ta bitarta a zuci. Ran nan Yaya ya dawo daga gona, na durƙusa har ƙasa cikin ladabi na faɗa mashi ita. Ya tsaya da fartanya a kafaɗa, ya dube ni, ya dubi matarshi, sai ya fashe da dariya har yana dafa bango.

Ya ce, "Amarya, kin san abin da kika ce mani? Cewa kika yi, ka dawo ke nan, malalacin banza!"

Na shige ɗaki, na yi kwanaki ina zillewa kada mu haɗu. Tun daga ranar, in ya shigo gida sai ya ɗaga murya ya ce malalaci ya dawo.

Ita kuwa ta daina kirana da komai sai ermana, wato 'yar'uwa. A damina ta biyu da zuwansu na sami ciki na fari. Ita ta fara ganewa, tun kafin in gaya wa kowa. Tsoro ya cika ni, don yayata wajen haihuwa ta rasu. Da rabin Hausa da rabin Fanyanci ta gaya mani ta sha karɓar haihuwa tare da uwarta a can, ta ce in kwantar da hankalina, hannunta ne zai fara taɓa abin da zan haifa. Na jingina da wannan magana da dukan nauyina.

Yaya ya sayi babur ya fara fataucin hatsi. Wata ranar kasuwar Ƙanƙara ya fita da safe, bai dawo da ƙafarshi ba. Babbar mota ce ta haɗa da shi a sabon titi. Ba zan tsaya ba da labarin wannan rana ba. Inna dai ta ce Allah Ya ara mata shi ne ta gan shi, Ya kuma karɓi abinShi.

Cikin masu zuwa gaisuwa akwai wani dattijo da suka zauna tare da Yaya a tsibirin, yanzu yana fatauci tsakanin kudu da arewa. Ya nemi a kai shi ya yi wa matar mamaci ta'aziyya. Ya tsaya daga bakin ƙofa, tana ciki bayan labule, suka yi magana ƙasa-ƙasa da yarenta. Ina nesa, ban ji ba. Ya hau mota ya tafi a ranar. Daga nan ta canja. Na ɗauka takaba ce kawai. Ta daina sauraron rediyo, in yarinyar ta matsa mata da tatsuniya sai ta fara ta tsaya a tsakiya. Sau da yawa takan buɗe baki kamar za ta gaya mani wani abu, sai ta dubi cikina ta yi shiru.

Da ta fita takaba, Baba, uban mijina, ya tara mutane a zaure da safe. Akwai Malam liman, da ƙanen Baba da muke kira Baba Ƙarami, da maigidana. Mu mata aka shimfiɗa mana tabarma daga ƙofar ciki, ni da ita da Inna. Baba mutum ne mai sanyin hali. Ya ce shi bai tara mutane don wani abu ba sai don baiwar Allah nan ta san ba ta rasa gida ba. Ɗakinta nata ne, gonar mamaci ta ɗiyarshi ce, za a noma masu. In nan gaba ta so aure, shi ne ubanta. Ya ce amma ba a yanke wa mutum zama ba a ji ta bakinshi ba, ga shi kuma Hausarta ba ta kai ta wannan magana ba.

Maigidana ya ce, "Baba, ai ita wannan tana jin yarenta."

Baba ya ce, "Ashe wasan nan naku na gindin darbejiya zai yi rana. To ɗiyata, hwaɗa mata abin da na ce, ki kuma hwaɗa mana abin da ta ce. Kada ki ƙara, kada ki rage."

Na haɗa 'yan kalmomina na gaya mata. Ɗaki naki, gona ta yarinya, Baba ubanki. Raina fari tas, don na tabbata godiya za ta yi a tashi. Ta yi godiyar da Hausa, da bakinta. Sa'an nan ta juyo ta fuskance ni, ta kama hannuna, ta ce, "Todo, ermana." Wato duka, kada in bar komai.

Ta fara magana a hankali, tana zaɓen kalmomin da ta san na sani, irin na cikin tatsuniya. Ta ce a ƙasarsu sarki ya zama mugu, ya kashe 'yan'uwanta maza. Ta ce ranar da suka shiga barko, uwarta ta rako su bakin mar, ba a bar ta ta shiga ba don ita ba 'yar ƙasarmu ba ce. Jirgi na tafiya tana hango ta tsaye har ta zama ɗigo. Tun daga ranar ta ɗauka uwar ta mutu. Sai ga dattijon nan ya ce ya gan ta da idonshi a Kalaba, can bakin teku a kudancin ƙasarmu, cikin waɗanda suka gudo a kwalekwale. Ta tsufa, ido ya tafi, ba ta da kowa. Duk wanda ta ji yana Hausa sai ta tare shi ta tambaye shi ko ya san ɗiyarta da Bahaushe ya aura.

Har nan ina fassarawa jimla bayan jimla. Sai ta faɗi ta ƙarshe. Ta ce tana so ta tafi wurin uwarta, kuma ba za ta iya tafiya ta bar ɗiyarta ba.

Na ji ta sarai. Babu kalma ɗaya da ta shige mani duhu. Abin cikina ya motsa, na tuna alkawarinta, na tuna yadda tsakar gidan nan zai koma in ba ita. Kuma na san duk zauren nan ba mai jin abin da ta ce sai ni. Da na ce tana neman a aika a ɗauko tsohuwar, ko tana neman a ba ta lokaci, ba wanda zai musa. Ita ma ta san haka. Tana riƙe da hannuna, tana kallon bakina, ba ta da wata hanya zuwa ga mutanen nan sai ta cikinshi.

Baba ya ce, "Muna jinki, ɗiyata."

Na ce, "Baba, ta ce tana so ta tahi wurin uwarta. Da yarinyar."

Baba Ƙarami ne ya fara magana. Ya ce ita dai ba a ɗaure ta ba, in ta so tafiya Allah Ya kiyaye hanya, amma ɗiya jininsu ce, ita kaɗai mamaci ya bari. A kai ta bakin teku cikin mutanen da ba a san addininsu ba, wa zai sake ganinta? Ba da mugunta ya faɗa ba, kowa a wurin ya san akwai gaskiya a ciki. Na juya na fassara mata wannan ma, duka. Aka tambayi Malam. Ya ce renon ɗiya mace haƙƙin uwa ne, amma in tafiya ta yi nisa haka dangin uba suna da ta cewa, don haka magana ta dawo cikin gida, sai abin da aka daidaita a kai. Baba ya sunkuyar da kai yana jan carbi.

Inna ba ta taɓa sa baki a maganar zaure ba tun da na san ta. Sai na ji ta gyara murya a bayana.

Ta ce, "Malam, a yi mani haƙuri in yi magana." Sa'an nan ta dafa ni. "Ke, tambaye ta. Tsohuwar nan, ita kaɗai ta haihwa mace?"

Na tambaya. Ta ce ita kaɗai, kuma yanzu ita kaɗai ta rage gaba ɗaya.

Inna ta ce, "Ku maza ba ku san wannan jiran ba. Ni na san shi. Tun ina da ƙarhina nike leƙen titi har na tsuhwa. Ba abinci mai daɗi, ba barci mai daɗi. Ni Allah Ya ji ƙaina, na ga wancan kahin ya koma. Yanzu a ce ni ce zan tsaya a ƙohwa in hana wata ganin nata? In kuma mun riƙe yarinyar, mun sake yin wata mai leƙen titi ke nan. Ku bar su su tahi."

Baba Ƙarami ya ce, "Ke fa za ki fi kowa kewarta. A ɗakinki take kwana."

Ta ce, "Na sani."

Da na juya zan fassara, faccalata ta girgiza kai, ta riga ta gane. Ta rarrafa ta kifa fuskarta a ƙafafun Inna. Baba ya share ido da hannun riga, ya ce maigidana zai raka su har hannun tsohuwar, ya kuma roƙi alfarma guda, a riƙe wa yarinyar sallarta da karatunta. Ta ɗauki alkawari da Hausa, ba ta bi ta kaina ba.

Ba su daɗe ba suka tafi. A bakin titi, motar Funtuwa na jira, ta ɗora hannu a cikina ta yi addu'a, ta ce in yafe mata. Na nemi abin da zan ce da yarenta na rasa, duk kalmomin sun gudu. Da Hausa na ce mata Allah Ya sada ta da alheri.

Da maigidana ya dawo ya ba mu labari. Sun sha nema kafin su sami tsohuwar a wata unguwa ta bakin ruwa, zaune a ƙofar wata rumfa. Ya ce faccalata ta kira ta sau ɗaya daga nesa, tsohuwar ta miƙe tana laluben iska. Ta shafa fuskar ɗiyarta tun daga goshi har haɓa, ta shafa ta jikarta. Ya ce bai ji ko kalma ɗaya cikin abin da suka faɗa ba, bai kuma buƙaci tafinta ba. Inna ta saurara har ƙarshe, ta ce alhamdu lillahi, ta tashi ta ɗora tukunya.

Na haihu lafiya, Inna ce ta karɓa. Mace ce, na roƙi maigidana aka sa mata sunan faccalata. Mun sami saƙonsu ta bakin fatake na ɗan lokaci, daga baya muka ji sun haye Kamaru, daga nan shiru. Inna ta rasu ba ta sake ganin jikarta ba, ban kuma taɓa jin ta ce da ta sani ba. Ni ma har yau ban san ko suna raye ba. Yaren ya bi su a hankali, don ba ni da wanda zan yi da shi. Abin da ya rage mani bai fi cikin tafin hannu ba.

Na daɗe ina jin abin kamar an cuce ni. Na koyi harshe cikin wasa da dariya, ranar farko da ya yi aikin gaske kuma ya raba ni da wadda ta koya mani. Sai da na girma na gane ba haka ba ne. Da ban zauna na saurari tatsuniyoyinta ba, da an yi mata alheri irin wanda muke so, an ba ta ɗaki da gona, ta zauna cikinmu tana godiya tana ƙonewa a ciki, ba wanda ya sani. Abin da na koya shi ne, jin yaren mutum amana ce. Ba don ka riƙe shi kusa da kai kake koyonshi ba, sai don ranar da zai faɗi abin da ke ranshi a sami wanda zai ji, ya kuma isar da shi yadda yake, ko da abin da ya faɗa ɗin shi ne zai tafi ya bar ka.